Yadda Na Cinye Abincin Kaka a Gidan Tsofaffi

Bari in fara da laifina tun kafin ƙannena su riga ni faɗa. An aike ni Paris in duba ko ana kula da Kaka a gidan tsofaffi, ni kuwa na je na yi kwana uku ina cinye masa abinci. Ba da mugunta ba. Shi ya ce in ci, kuma ni tun da aka haife ni ban taɓa yi wa babba gardama a kan abinci ba. Shekarata goma sha biyar a lokacin, a cikina kuma akwai wani rami wanda Inna ke cewa ko buhun shinkafa aka jefa ciki sai an jima kafin a ji ya kai ƙasa.

Kaka ƙanen mahaifin Baba ne. Shi ya riƙe Baba a Damagaram tun yana yaro, shi ya yi masa hanya ya zo Faransa. Ya shekara kusan talatin yana aiki a masana'antar motoci, yana kwana a fwaye ɗin Montreuil, irin gidajen nan na ma'aikata ƴan Afirka inda ɗaki ɗaya ke ɗaukar gado uku da akwati tara. Mu kuwa muna Rillieux-la-Pape, arewa da Lyon. Bayan ya bar aiki, wata safiya ya faɗi wajen alwala, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Baba ya so ya kawo shi gidanmu, likitoci suka ce a'a, yana bukatar masu jinya a kusa kullum, mu kuma muna hawa na bakwai, da asansar, na'urar hawa bene, mai aiki ranar da ta ga dama. Haka aka kai shi wani gidan tsofaffi a gabashin Paris. Baba bai taɓa iya faɗin haka da bakinsa ba. In ya kira gida Nijar, cewa yake Kaka na asibiti har yanzu.

Kowace Lahadi Baba kan buga masa tarho, kowace Lahadi amsa ɗaya ce: lafiya lau, jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Sai ran nan Malam, mutumin Tawa da suka yi shekara ashirin ɗaki ɗaya da Kaka, ya bugo ya ce mutumin nan fa narkewa yake kamar man shanu a rana, agogonsa har gwiwar hannu yake zamewa. Baba ya hau jirgin ƙasa ya tafi. Ya zauna awa guda a gaban Kaka yana kallon takalmansa, Kaka na kallon taga, suka gaisa sau huɗu, ya dawo. Inna ta tambaye shi abin da ya gani, ya ce wurin na da tsabta. Ta tambaye shi ko ya ɗaga bargo ya duba ƙafafun tsohon. Baba ya dube ta kamar ta ce ya shiga masallaci da takalmi. Mutumin da ya riƙe ka, ya yi maka aure, ba ka ɗaga masa bargo.

Inna kuwa shekara takwas ke nan tana aiki a wani gidan tsofaffi a Lyon, tana yi musu wanka tana canza musu shimfiɗa, ta san duk inda irin wuraren nan ke ɓoye dauɗarsu. Amma ita suruka ce, kunyarta ta fi ta Baba. Sai ta ce tunda ɗa ba ya iya tambaya, suruka ba ta iya kallo, a aika jika. Tsakanin jika da kaka babu kunya, sai zagi da wasa. Hutun makaranta na Fabrairu kuma ya kusa. Ta juyo ta dube ni, ina tsakar kankare ƙanzo a tukunya.

Ni kaɗai, a TGV, jirgin ƙasa mai gudun tsiya, zuwa Paris. Kafin magariba na gaya wa duk yaran benenmu cewa an naɗa ni sufeto. Washegari a makaranta labarin ya girma har ya zama gwamnati ce ta aike ni.

Kwana biyu Inna na koya mini aikin a teburin madafa, ina rubutawa a kaye, littafin rubutuna na makaranta. Ta ce kada in kalli furannin bakin ƙofa, don baƙi aka ajiye su. In tsaya a tsakanin ɗakuna in ja numfashi, warin fitsarin safe ba laifi ba ne, amma wanda ya kwana ya wuni hanci ba ya ɓata shi. In duba farce, in leƙa bayan kunne, in ɗaga bargo in ga ko diddigen ƙafa ya yi ja. In ga ko kofin ruwa na inda hannunsa mai lafiya zai kai. In danna ƙararrawa in kalli agogo. In saurara ko suna ƙwanƙwasa ƙofa kafin su shiga. Sannan in kalli tiren abinci in ya shigo, in kalle shi in ya fita. Ta ce tsoho zai ɓoye maka, ma'aikata za su yi maka murmushi, amma tire ba ya ƙarya. Wannan na ja masa layi biyu a ƙasa.

Jirgin nan gudu yake kamar ya yi sata. Na hango saniya a wata gona, kafin in ɗaga yatsa in nuna ta mun bar ƙasarsu. Na cinye guzurin da Inna ta ce na yini ne tun ba mu fita unguwannin Lyon ba. Awa biyu sai ga Paris, sai ga Malam a tasha da doguwar kwat a kan babbar riga. Ya fara gaishe ni a bakin jirgi, bai gama ba sai cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ya tambayi Baba, ya tambayi Inna, ya tambayi ƙannena ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi sanyi da gajiya, har asansar ɗinmu ya tambayi lafiyarta. A fwaye aka ba ni gadon Kaka. A ƙasa akwai madafa inda matan Mali ke dafa shinkafa da miyar gyaɗa a tukwanen da za a iya yi wa ƙanena wanka a ciki, a kan matakala kuma ana sayar da goro da kaset da gasasshiyar masara. Na ce a raina, in wannan ne aikin gwamnati, na samu sana'a.

Da safe na hau bas ni kaɗai, kaye a cikin riga. Da na shiga gidan tsofaffin na kau da kai daga furanni kamar na haɗu da suruka. Na tsaya a tsakanin ɗakuna ina shaƙar iska da ƙarfi, har wata tsohuwar Baturiya a keken guragu ta tambaye ni ko ina da ciwon fuka. Ƙamshin sabulu ne da na miya, ba wani abu.

Kaka na kan kujera a bakin taga. Da ƙyar na gane shi. Mutumin da a da yake ɗaga ni sama da hannu ɗaya, yanzu wuyansa a cikin kwalar riga kamar taɓarya a turmi. Bakinsa ya ɗan karkace, amma harshen nan ko gezau bai yi ba.

"Wa ya bar Baturen Lyon ya shigo? Kowa ya riƙe aljihunsa."

"Amarya na zo gani. An ce ka tara tsofaffin Turawa arba'in ka hana kowa."

"Ja'iri. Da wannan kan naka kamar tulu wa za ta kalle ka?"

Na fara aiki. Na ɗaga bargo, ya kai mini duka da hannun hagu, amma na riga na gani, diddigen lafiya lau, har da mai aka shafa. An yanke farce. Da na leƙa bayan kunnensa ya ce in na samu zinariya mu raba. Kofin ruwa na gefen hagu, da bututun roba a ciki, inda zai sunkuya ya sha. Na danna ƙararrawa na kafa wa agogo ido. Minti huɗu aka ƙwanƙwasa ƙofa, wata mai jinya baƙar fata, ƴar tsibiran Antilles, ta shigo tana haki ta tambayi Kaka abin da yake so. Ban shirya abin da zan ce ba, sai na tambaye ta ƙarfe nawa. Ta nuna mini agogon bango da ke daidai saman kaina, ta fita.

Da rana ta kawo tire: kifi, dankalin da aka tuƙa, ruwan miyar karas, burodi, yawur wato kindirmon Turawa, da dafaffiyar tuffa a ƙaramin kofi. A jikin gado an rubuta ba ya cin alade, sun kuma kiyaye. Ta ɗaura masa tawul a wuya, ta sa masa cokali a hannun hagu, ta lanƙwasa masa yatsu a kai, ta ce ya ci lafiya, ta fita da gudu don ɗakuna da yawa na jiranta. Ƙofa na rufewa Kaka ya ajiye cokalin. Ya ce ya ƙoshi, da safe ya cika ciki. Ya turo mini tiren da bayan hannu.

"Ci, Bature. Abincin ƴan uwanka ne."

To a gidanmu in tsoho ya rage abinci ya miƙa wa jika, ƙin karɓa rashin ladabi ne, ni kuma yaro ne mai ladabi. Na share kifi, na share dankali, na lashe murfin yawur. Sannan na fito da kaye na rubuta da kyakkyawan rubutu: tire ya shigo cike, ya fita wayam.

Haka na yi kwana uku, na rana da ɗan abin la'asar da na yamma da suke kawowa tun ƙarfe shida. Muna hira, yana ba ni labarin yadda ya fara ganin ƙanƙara ya ɗauka gishiri ne, ina ci. A rana ta uku babbar mai jinya, wata Baturiya mai gilashi a kan hanci, ta tare ni ta ba ni hannu. Ta ce tun da na zo kakana ke cinye abincinsa tas, sun daɗe suna damuwa da ramarsa, har likita ya shirya zuwa ranar Juma'a don ya duba abin da ke hana shi ci, amma yanzu sun gaya masa ba gaggawa. Na kumbura kamar balan-balan. Wani abu ya ɗan motsa a ƙirjina, na ce tuffa ce ba ta gama sauka ba.

Da dare na shiga kabin, ɗan ɗakin tarho na bakin fwaye, na sa kati, na karanta wa Inna rahoto da muryar mai labaran talabijin. Hanci lafiya, farce lafiya, diddige lafiya, ƙararrawa minti huɗu, tire wayam. Ta ce madalla, to me ke ramar da shi? Na ce wataƙila gado ne, su mutanen Damagaram haka suke.

"Da idonka ka ga cokali ya shiga bakinsa?"

Na koma maganar farce, ta katse ni.

"Wa ya ci abincin?"

"Shi ya ba ni, Inna."

Ta yi salati. Sannan ta ce laifinta ne, ita ta ba kura ajiyar nama. Ta ce gobe in cika cikina tun daga fwaye, in je in faɗa wa babbar mai jinya gaskiya da bakina a maido da zuwan likita, sannan in zauna a kan hannuwana in kalla. Ta faɗi wasu abubuwan kuma game da cikina da kaina da ba sai na rubuta ba. Na yi ta addu'a katin ya ƙare, amma a duk Faransa shi kaɗai ne katin da ya ƙi ƙarewa.

Na gaya wa Malam, muka yi shawara, muka yanke cewa abincin ne matsala. Malam ya ce mutumin da ya girma da yaji, a ba shi dankali fari fat kamar bango, ina zai ci? Washegari muka cika kwano mai murfi da shinkafa da miyar gyaɗa, ya ƙulla yaji a takarda, muka hau bas tare. Ƙamshin ya cika motar, wani kare a kujerar baya ya bi ni da ido har muka sauka.

Na fara da ofishin mai gilashi. Na tsaya na faɗi komai ina kallon ƙasa. Ta cire gilashin, ta mayar, ta sake cirewa. Ta ce ta gode da na faɗa, amma da irin godiyar da ke fitowa ta tsakanin haƙora, ta ɗauki tarho ta kira likita ina tsaye.

A ɗaki na buɗe kwano. Hancin Kaka ya motsa, na ga maƙogwaronsa ya hau ya sauka. Malam ya fita neman inda zai yi alwala. Na sa wa Kaka cokali a hannun hagu yadda na ga ana yi, na koma na zauna a kan hannuwana kamar yadda aka umarce ni. Ya ajiye cokalin. Ya ce ya ƙoshi, in ci.

"Kaka, ƙarya kake. Na ga maƙogwaronka."

"Ubanka ne maƙaryaci."

"To ni ma ba zan ci ba. Mu zauna mu mutu tare, a ce kai ka kashe ni."

A duniya bai taɓa jin na ƙi abinci ba. Ya daɗe yana kallona, shinkafa na hucewa a tsakaninmu, cikina na kuka duk da na cika shi. Can sai ya ɗaga hannun hagunsa, ya juya shi gaba da baya kamar na wani ne aka ba shi aro.

"Da wannan? Shekara saba'in da wani abu, wannan aikinsa buta. Ban taɓa kai shi bakina ba. In na ɗago cokali da shi sai wuyana ya rufe."

Na tambaye shi me ya sa bai faɗa musu ba. Ya ce mutanen kirki ne, yarinyar nan tun safe take gudu, kuma da wane baki zai bayyana wa ƴar cikinsa aikin da hannun hagu ke yi? In ma ya faɗa, ɗura masa za ta riƙa yi a baki kamar jariri, shi kuwa gara yunwa. Ashe wata biyu ke nan yana rayuwa a kan gahawa da madarar safe da duk abin da zai iya zuƙa da bututun roba, don shi ba ya bukatar hannu.

Malam ya dawo, na faɗa masa duk da harara da Kaka ke jefa mini. Malam ya gyara zama ya ce ai wannan lalura ce, addini ya yarda, wanda damansa ya mutu ya ci da hagu ba shi da laifi ko kaɗan, ya jawo hujja bayan hujja. Kaka ya bari ya gama.

"Malam, na san littafin. Wuyana ne bai yi karatu ba."

Ban san inda dabarar ta fito ba, ina jin daga haushin ganin miyar gyaɗa na sanyi ne. Na tashi na ɗago hannun damansa daga kan cinya. Nauyi gare shi, da sanyi, kamar kifin da aka fito da shi daga firji. Na sa cokali a tafin, na rufe yatsunsa da nawa hannun, muka ɗebo tare. Ya yi bisimilla. Cokalin farko ya nufi kunnensa. Na biyu ya sauka a kan tawul, ya ce ko makaho ya fi ni saiti. Na uku ya shiga. Ya rufe ido yana tauna a hankali, Malam ya juya yana kallon taga yana jan carbi da sauri. Da ya haɗiye sai ya buɗe ido ya ce ina yajin.

Rabin kwano ya ci, ya ɗauke mu kusan awa guda, hannuna ya yi tsami har kafaɗa. Na fita da gudu, na zame a kan daɓen da aka goge, na tashi, na gaya wa duk wanda na gani cewa kakana ya ci abinci, har tsohuwar keken guragu, wadda ta ce ta taya ni murna amma in daina haki a kanta.

Mai wuyar ita ce yi wa ƴar Antilles bayani. Ban taɓa sanin Faransancina gajere ne ba sai da na zo bayyana buta. Kunnuwana suka yi zafi, na yi ta nuni da hannu. Ba ta yi dariya ba. Ta zauna a gefen gado, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta ce wata biyu tana sa masa cokali a wannan hannun tana ganin alheri take yi, me ya sa ba wanda ya gaya mata? Kaka ya tambaye ni abin da ta ce, duk da yana jin Faransanci sarai. Na ce cewa ta yi tana sonsa.

Washegari ta zo da wata mata mai koya wa shanyayyun hannuwa aiki. Matar ta kawo cokali mai kauri da maɗauri, ta ɗaura shi a tafin dama, ta nuna wa Kaka yadda hagu zai tallafo daman ta ƙasa ya ɗaga shi zuwa baki. Kaka ya kalli abin kamar alƙali a gaban shari'ar gona. Ya juya ga Malam ya tambaye shi, a haka wane hannu ne ke ba shi abinci? Malam ya ce dama ne mana, hagu jaki ne kawai, kaya ya ɗauko. Kaka ya ce to jaki ya yi aikinsa. Ya ci da kansa, rabi a baki rabi a tawul, ya hana kowa taimaka masa. Likita ya zo ranar Juma'a ya auna shi, ya ƙara masa wata madara mai kauri.

Da na bar nan da na ba gidan maki cikakke. Amma kwana biyun ƙarshe ƴar Antilles na hutu, wani saurayi sabo ya kawo tire, ya sa cokali a hagu, mai maɗaurin na cikin aljihun tebur. An rubuta a takarda, bai karanta ba. Bayan rabin awa kuma ya dawo zai ɗauke tiren, don keken kwanuka ba ya jira. Na riƙe gefe ɗaya ya riƙe ɗaya, muka yi ta ja har yawur ya kife. Na rubuta a kaye abin da Inna ba ta koya mini ba: ranar da mai kirki ba ta nan, wa ke nan? Malam ya tara tsofaffin fwaye da suka bar aiki, suka raba kwanaki, kullum da rana ɗaya zai hau bas ya je ya ɗaura cokali ya tsare tire.

Da na koma Lyon Inna ta murɗe mini kunne a bakin ƙofa, sannan ta zuba mini tuwo malmala uku. Na ba da labari tun daga farko, da ƙari kaɗan a wajen kokawar tire. Baba bai yi dariya ba. Da na zo kan maganar hannun hagu ya tashi ya shiga ɗaki ya daɗe. Da ya fito ya ce a nemi wuri a kusa da mu, inda za mu iya zuwa kullum.

Ranakun Asabar ni da Inna muka shiga yawon gidajen tsofaffin Lyon, ni da kaye, ita da hanci. Yanzu tambayarmu ɗaya ce. A wani gida a kan tudu, mai lambu da ruwa mai tsartuwa a tsakar gida, shugaban ya saurare mu da fara'a ya ce kada mu damu, suna da ƙwararru, cikin sati biyu za su koya masa ci da hagu, kowa na koya. Inna ta yi godiya, muka fita tun bai gama nuna mana lambun ba. Ni dai na so in ga kifayen da ke cikin ruwan.

Wanda ke wajen Vaulx-en-Velin tsohon gini ne, fenti na ɓarewa, furanninsu ma na roba ne. Mun isa da rana ba tare da sanarwa ba. Ɗakin cin abinci cike da hayaniya kamar tasha. Inna ta taɓa ni ta nuna mini da haɓa: masu jinyar a zaune suke kusa da tsofaffin, ba a tsaye a kansu ba. Wani tsoho na ta fama da kwanonsa har ƙarfe ɗaya da rabi, ba wanda ya taɓa masa shi. Shugabar ta zo da tabon miya a riga. Na yi mata bayani, wannan karon na iya, don na yi ta gwadawa a gaban madubi. Ta tambaye ni minti nawa yake ɗauka, na ce kusan awa. Ta ce suna da teburin marasa sauri a can kusa da taga. Sannan ta miƙo hannunta ta ce in nuna mata yadda ake ɗaurin. Na ɗaura mata cokalin shayi da igiyar takalmina. Inna ta mintsine ni a baya, wanda a yarenta yana nufin an samu.

Da Baba ya gaya masa ta tarho, Kaka ya ce shi ba inda za shi, ba zai bar Malam ba. Malam ya karɓi tarhon ya ce ya tafi don Allah, gwiwoyinsa sun gaji da hawan bas, kuma shekara ashirin na minsharinsa sun ishe shi. Suka yi ta zagin juna Baba na riƙe da kan tarho nesa da kunne, daga ƙarshe Kaka ya yarda.

Gado bai samu a can ba sai bayan wata bakwai. Aka kawo shi da motar asibiti cikin Satumba. Ina zuwa Laraba da Asabar, Inna na biyawa in ta tashi aiki, Baba na zuwa Lahadi. Nauyinsa ya dawo, ba duka ba, hannun dama kuma bai warke ba. Ya yi shekara ɗaya da rabi a teburin marasa sauri. Ya rasu wata Talata da hantsi cikin Maris, Malam ya zo a jirgin safe washegari ya yi masa salla, aka binne shi a ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta kusa da Lyon.